Ranar da aka tafi da kunnuwana Shagari

Kakarmu ta wajen uwa ta rasu ta bar wata tsohuwar sarƙar zinari da ta tsinke a wuri biyu. Inna ba ta gyara ta ba. Ta kai wa maƙeri a Sakkwato ya narka ta, ya fitar da 'yan kunne na mutum biyu, iri ɗaya, nauyi ɗaya, kowanne da ɗan ganye yana reto a ƙasa. Yayata ta tafi da nata gidan miji, a wani ƙauye kusa da Lambara, ƙasar Shagari. Nawa kuwa aka naɗe su a auduga, aka sa a gwangwanin man shafawa, aka tura can ƙasan akwatin Inna, sai ranar aurena.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare a Bodinga auren yaya ya mutu. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini dalili, ni kuma ba mai tambaya ba ce. Ko a aji, in malama ta nuna ni da alli, muryata maƙalewa take yi. Abin da na gani kawai, yaya ta dawo da jaka ɗaya, ta yi idda a ɗakinmu, mijin bai zo biko ba, idda ta cika. Baba ya ce zama ne ya ƙare, a je a kwaso mata kayanta.

Irin wannan tafiya a danginmu ta Gwaggo ce, yayar Baba. Aure uku ta yi, kuma duk ukun ta fito da kayanta cif, ko murfin kwano ba ta bari ba. Ta iso gidanmu ana gobe za a tafi, da la'asar, ta tarar da yaya tana tsince shinkafa a faifai. Ta dube ta sama da ƙasa, idonta ya tsaya a kunne.

"Ke, ina 'yan kunnenki?"

Yaya ta ci gaba da tsince shinkafa.

"Da ke nika magana, ɗiyar ƙanena."

Sai a lokacin labarin ya fito. Bara, tsakiyar rani, injin ban ruwan mijinta ya mutu, albasa kuma tana tsaka da son ruwa. Ya roƙe ta aron 'yan kunnen, ya sayar, ya sayi sabon inji, da alkawarin in an cire albasa zai sayo mata wasu. Aka cire albasa, kasuwa ta faɗi, magana ta kwanta. Yaya ba ta iya cewa a'a, ba ta kuma iya tuni. Ko allura kika ara a hannunta, in ba ki mayar ba, kunyarki za ta riƙa ji.

Gwaggo ta tauna goro ta daɗe. Sannan ta juya wajen Inna ta ce a fito da nawa.

"Mutanen can in ba su ga abu da idonsu ba, sai su ce na roba na. A tahi musu da 'yan'uwansu su gani."

Inna ta yi gardama, Gwaggo ta fi ta murya. Daga ƙarshe Inna ta yarda, amma da sharaɗi: ba a hannun kowa za su tafi ba, ba a ƙullin zane ba, sai a kunnen mai su. Haka aka yi na wayi gari ranar Asabar ina cikin masu zuwa kwasar kaya, ni da ko gaisuwar baƙi ɓuya nake yi a bayan randa.

A-kori-kura Baba ya ɗauko mana. Gwaggo da yaya suka shiga gaba, ni da wasu matan danginmu biyu muna baya a kan tabarma. Na ja hijabina na matse haɓa, ba wanda zai san akwai wani abu a ƙarƙashinsa, amma ni ina ji. Duk ramin da mota ta faɗa, ganyayen nan biyu sai su buge ni a wuya, sanyi-sanyi. Har muka wuce Sifawa hannuwana biyu suna kan kunnuwana kamar mai ciwon haƙori.

Uwar mijin yaya ce ta tarbe mu. Tsohuwa ce 'yar siririya mai wushirya, kuma taubashiyar Gwaggo ce, uwar wannan da uban waccan ciki ɗaya suka fito. Ta wannan hanya ma auren ya ƙullu. Tun suna yara suke wasan zagi, ba wadda ke jin haushin wata. Aka yi gaisuwa doguwa, aka tambayi gida da gona da dabbobi da gajiyar hanya. Tsohuwa ta riƙe hannun yaya ba ta saki ba har aka gama. Sannan ta dubi Gwaggo.

"Ashe har yanzu kina raye? Na ɗauka ci ya kashe ki."

"In mutu in bar miki wa? Kawo hura, kar ki dama min irin taku ta ƙauye mai kama da ruwan wanki."

Gwaggo ta zo da shirin faɗa, har zanenta ta ɗaure a ƙugu, amma ba ta sami abokin yi ba. Ɗakin yaya yana kulle tun ranar da ta fita, mabuɗin yana rataye a wuyan tsohuwa. Akwatunan lefe suna nan a jere, tsohuwa ta ce ba mai taɓa ko ɗankwali, shi ya sake ta, ba ita ta nemi saki ba, abin da aka ba ta ya zama nata. Aka fito da gado da katifa, aka kwance kabet, aka naɗe ledar ƙasa. Kwanukan yaya duk Inna ta ɗiga musu koren fenti a gindi tun kafin biki, don haka kowane kwano sai an kife shi an duba. Waɗanda suka bazu gidajen maƙwabta aka aika aka karɓo, har da wata tasa da ta dawo da sauran miya a ciki.

Rigimar da Gwaggo ta samu guda ɗaya ce, da kaza. Babbar fantekar yaya tana bayan rumbu, wata jar kaza ta yi ƙwai a ciki tana kwanci.

"Fanteka taku, kaza tamu," in ji tsohuwa. "Ki tambaye ta in za ta tashi."

Yaya ta ce a bar ta har ta ƙyanƙyashe. Gwaggo ta ce ba a haifi kazar da za ta ci gadon ɗiyar ƙanenta ba. Ta samo tsohuwar ƙwarya, ta kwashe ƙwan da hannunta ɗaya bayan ɗaya, kazar tana saran ta a bayan hannu, tsohuwa tana yi wa kazar kirari.

Da aka gama lodi, Gwaggo ta zauna a kan turmi ta ce saura abu ɗaya. Ta yafito ni.

"Ɗaga hijabin."

Ban san gidan nan yana da mata da yawa haka ba. Daga kowace kafa suka fito, wasu ta kan katanga suke leƙe. Aka zagaye ni. Wannan ta kama kunnen dama ta juya shi wajen rana, waccan ta kama na hagu. Yatsun wata suna warin daddawa, na wata suna da sanyin ƙullu. Wata ta ce tabbas irinsu ne, ta tuna ranar da aka kawo amarya ganyen yana ƙyalli a hasken fitila. Wata kuma ta tambaya ko an yi mini miji, tana da ƙane mai shagon caji a Lambara. Ni dai na kafa ido a ƙasa, inda wasu tururuwa suke ta fama da ƙwayar gero, ina fatan in zama ɗaya daga cikinsu.

Aka aika fadama aka kira tsohon mijin yaya, aka kuma kira limamin ƙauyen. Suka zauna a zaure, mu mata muna daga ciki, bakin ƙofa, labulen buhu a tsakaninmu. Ta ƙasan labulen ina hango ƙafafun mijin, taɓo ya bushe a kansu har ƙwauri, warin fetur yana shigowa. Mutum ne mai sanyin magana. Lokacin da suke tare, in ya zo Bodinga yakan kawo mini rake.

Gwaggo ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce tunda 'yan kunne sun zama inji, a je a ɗauko injin da tiyonsa a ɗora a kan katifa, direba yana jira.

"Gwaggo," in ji shi, "ban musa ba, aro ta ba ni. Amma in anka ɗauke injin ga yau, albasata ba ta kai Juma'a."

"Da kunnen ɗiyata ya kwana shekara ba kome, wa yat tausaya mishi?"

Liman ya yi gyaran murya ya ce yana son ya ga abin da ake magana a kai. Nan aka ɗan tsaya, don Inna ta ce kada su bar kunnena, ni kuma ba za a tura kaina zaure gaban maza ba. Gwaggo ta yanke hukunci da kanta: ɗaya zai tafi, ɗaya zai zauna. Ta cire na hagu ta sa a murfin kwano ta tura ta ƙasan labule, ta kwanta a gefenta da ido ɗaya a ƙasa tana bin sa da kallo. Kaina ya karkace, gefe ɗaya nauyi, gefe ɗaya iska.

Liman ya jujjuya shi a tafin hannu, ya mayar a murfin.

"Abin da anka ara, shi aka maidawa," ya ce. "Zinari ta ba ka, zinari za ka ba ta, irinsa da nauyinsa. Inji naka na, kai kas saye shi. Sai fa in ita da bakinta ta ce ta yarda da inji a madadinsa." Sannan ya ƙara da cewa, shi da ya aurar da ɗiya watannin baya ya san yadda zinari ya tashi. Abin da ya sayi sabon inji bara, bana sai ya sayi inji ya yi saura mai yawa.

Na ga yatsun ƙafar mijin sun lanƙwashe cikin ƙasa.

"To," ya ce a hankali, "in dai injin Gwaggo taka so, ni ba ni ƙi. Lahiyarsa lau, ko jiya na sake mishi mai."

"Wa yac ce inji?" in ji Gwaggo, tana tashi zaune. "Mi za mu yi da inji, ga hayaƙi ga ƙara? A kunne za ta rataya shi?"

"Ke kinka ce, yanzun ga," in ji tsohuwa, tana dariya har da tari.

"Allah gafarta Malam, kada ka saurare ta, tun tana yarinya kunnenta ba shi da kyau."

Liman ya ce duk su dakata, mai abu tana zaune ba a ji bakinta ba. Yaya tana bayana, ta jingina da bango, tana murza bakin mayafinta. Na ɗauka za ta ce ta yafe, don na san ta. Gwaggo ma haka ta ɗauka, na ga ta miƙa hannu za ta mintsine ta. Amma yaya ta yi magana kafin hannun ya iso, murya ƙasa-ƙasa, sai da liman ya ce ta maimaita.

"Na san waɗancan sun tahi. Irinsu nika so. Na kakata na, ba ni da wani abu nata sai su. A bar mishi injin ya yi ban ruwa."

Mijin ya yi godiya, ya ce in Allah ya yarda da an cire albasa zai cika. Gwaggo ta ce wannan maganar ta ji ta, ita ce aka yi bara. Liman ya ce bana ga shi shaida. Gwaggo ta ce ba ta raina shaidarsa ba, amma malam yana da jama'a da yawa, ga suna ga jana'iza, kada a ɗora masa wahalar tuni. Ta miƙe ta fita wajen mota. Muka bi ta da ido. Ta zaro tabarma ɗaya daga cikin kayan, da buta, da jakarta, ta dawo ta shige ɗakin yaya da ba kome a cikinsa sai ƙusoshi a bango, ta shimfiɗa ta zauna.

"Na daɗe ban yi zumunci ba," ta ce. "Ku gaida gida. In an cire albasa na taho."

Ba a korar baƙo, balle taubashiya, balle wadda ta girmi uban gidan. Muka koma Bodinga babu ita.

Kullum da hantsi sai ta kira Inna da wayar tsohuwa ta ba da rahoto: abin da ta ci, abin da ta ƙi ci, tsayin ganyen albasa. Wata Asabar Inna ta ce in raka ta mu kai wa Gwaggo man zafin gwiwarta. Wannan karon kunnuwana ba kome, na ji daɗin hanya.

Ba mu same ta a gida ba. Tsohuwa ta raka mu fadama tana ba mu labari tana share hawayen dariya. Tun kafin ladan ya yi kiran farko Gwaggo take ƙwanƙwasa wa ɗan tsohuwar ƙofa, wai albasa ba ta son malalaci. Ta hana shi zaman shayi. Ta sa ya gyara katangar bayan gida. Tsohuwa ta ce ita kam ta samu abokiyar hira, in son samu ne albasar ta kai baɗi.

Can muka hango Gwaggo a gindin wata bishiyar mangwaro, a kan tabarma, da lema, da kwanon fura a gefe. Injin yana ta ƙara, ruwa yana bin fangali-fangali, mijin yana sunkuye da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Duk wanda ya bi ta hanya sai Gwaggo ta tsayar da shi su gaisa, sannan ta nuna da lema.

"Ɗana na. Albasarsa nika jira ta nuna. Kun san dalili, ko in hwaɗa muku?"

Kowa ya san dalili, amma ba wanda ya taɓa cewa kada ta faɗa.

Da mijin ya ga Inna, ya kashe injin ya zo ya durƙusa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan gaisuwa ya matso ya rage murya, ya ce ya sayar da ɗan maraƙinsa da raguna, ba sai an jira albasa ba. Abin da yake roƙo, a ba shi ɗan kunne ɗaya ya tafi da shi Sakkwato a gwada, gobe ya dawo da shi.

"Aro?" in ji Inna.

Na san abin da zai biyo baya tun kafin Inna ta dube ni.

Shagon mai zinarin da muka je a Sakkwato ɗan ƙarami ne, mutum uku sun cika shi, da fanka tana juyawa a kan gilashi. Ni da Gwaggo muka shiga, mijin ya tsaya a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Na juya wa bango fuska na cire 'yan kunnena ta ƙarƙashin hijabi. Mai shagon yana da sikelin zamani mai nuna lamba, Gwaggo ta ce ba ta yarda da abin da ba ta gani ba, ya ɗauko tsohon mai faranti biyu. Ya sa nawa a ɗaya, ya sa wasu masu kyau a ɗayan. Nawa suka rinjaya, kaɗan ne, kamar kaurin farce.

"Ai kusan ɗaya na," in ji mijin daga ƙofa.

Gwaggo ta tambayi mai shagon ko ya san inda ake sayar da gidan sauro mai kyau, don inda take zaune akwai sauro, kuma da alama za ta kai damina.

"A kawo wasu," in ji mijin.

Na ukun da aka gwada ne faranti biyu suka tsaya kai ɗaya. Ba su da ganye. Wani ɗan ƙwallo ne a ƙasa kamar ƙwayar dawa. Gwaggo ta hura sikelin don ta ga ko ya maƙale, ya yi lilo ya koma daidai.

Mijin da kansa ya kawo su Bodinga. Ya gaida Baba a zaure, ya miƙa, aka shigar wa yaya. Ta aiko a ce masa ta karɓa, a yafi juna. Ya ce a ce mata ya gode da haƙurinta. Gwaggo ta raka shi har bakin titi tana ce masa ya gaida taubashiyarta, ya kuma riƙa sassauta ruwa a fangalin gabas.

Hujin kunnen yaya ya tsuke saboda daɗewa ba kome, sai da Inna ta shafa mata man kaɗanya kafin su shiga, tana cije leɓe. Inna ta ce in ta gama gani a madubi ta kawo a adana. Yaya ta ce a'a, nan za su zauna. Da su take daka, da su take wanke-wanke, da su take zuwa islamiyyar matan aure da zawarawa da ta shiga bayan nan.

Ba a jima ba wata maƙwabciyarmu ta shigo da rana, muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa. Ta zauna ta taya mu, ta yabi gyaɗar, ta yabi 'yan kunnen, sannan ta ce ƙanwarta za ta je biki Shagari, kwana ɗaya tak, ko za a taimaka mata da su ta fita kunya.

Na ga kunyar nan ta yaya ta taso mata har wuya. Ta dubi gyaɗa, ta dubi Inna. Inna ta yi kamar tana korar kaza. Yaya ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta jefa ƙwayar a cikin ɓawo, ɓawon a cikin ƙwaya, ta tsince su ta gyara.

"Ki yi haƙuri," ta ce. "Waɗannan ba su zuwa ko'ina sai da ni. In tana so, in raka ta bikin."